Neman shawara: harsashi da saitin bindigar ɗuri, ga lokacin barewa ya matso

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah waɗanda suka san kan bindigar ɗuri a taimaka min, lokaci na neman ƙure min. Bindigar irin ta zamani ce mai karyewa a tsakiya, kaliba .50 (faɗin ramin bututu rabin inci), wadda ake sa wa firaima 209, wato ɗan abin da ke kunna albarushi, ta gindi. A hannu na saye ta, wajen wani abokin aiki da zai tashi daga garin. Ya haɗa min da jaka, da madubin hange 3-9x40 (mai ƙara girma ninki 3 zuwa 9) a ɗaure a kanta, da kwalin dunƙulen albarushi mai giren 50-50 (giren ma'aunin albarushi da harsashi ne) wanda an riga an buɗe shi, da fakitin harsashi mai cika baki, wato faɗinsa daidai ramin bututun, irin na dalma da aka shafa wa jan ƙarfe, mai 'yar roba a gindi, giren 295. Ya ce min a hannunsa ba ta taɓa kuskure ba, kuma mutumin kirki ne, ba na zaton zai ruɗe ni a kan kuɗi kaɗan. Har abin niƙa nama da ledojin daskarewa na riga na saya, uwargida ta kwashe rabin firiza ta ba ni wuri, kowa a gida ya sa rai.

Matsalar ita ce a yadi 100 harbin ba ya taruwa. Na farko ya faɗa kusa da tsakiya, na biyu ya haura sama, na uku ya tafi gefe, tsakaninsu ya kai inci 8 ko fiye. Dunƙule 3 nake zubawa, don an rubuta magnum a jikin bututun. Harsashi na uku da ƙyar yake shiga. Kuma madubin na neman fasa min gira idan ta yi shuri. Harsashi zan canza ko madubi? Ko in cire madubin in koma saitin ƙarfe? Ina kuma son abin da zan zauna a kai har jihar Kolorado a nan Amurka, don akwai maganar zuwa can baɗi in Allah ya kai mu.

Bakatsine:
Wa alaikumus salam. Malam, ka ba mu labarin firiza amma ba ka faɗi jihar da kake ba, kuma a nan komai yake. Kowace jiha da dokarta a kan madubi da harsashi. Sai kuma murɗin cikin bututun, 1:28 ne ko 1:48, wato zagaye ɗaya a inci 28 ko a inci 48? Tsawon bututun inci nawa? A daji mai duhuwa za ka zauna ko a bakin gona? Kana goge bututun tsakanin harbi da harbi?

Baban Khalifa:
Ohayo nake, kudu maso gabas za mu je, wajen dajin Wayne. Lokacin bindigar ɗuri na farkon Janairu, kwana 4 ɗin nan. Gogewa kuwa sai na dawo gida nake yi, don haka mai ita ya ce yana yi.

Sarkin Baka:
Ƙanina, ka bar maganar mai ita. Abu uku kake yi a tare, kowanne shi kaɗai ya isa ya warwatsa harbi.

Dunƙule 3 giren 150 ke nan. Rubutun magnum a jikin bututu na nufin ƙarfen zai ɗauka, ba ya nufin a nan take harbi mai kyau. A bututu mai inci 24 ko 26 ba ya gama ƙonewa, saura wuta da hayaƙi da shuri. Shurin ne ke sa kafaɗarka ta tsuke kafin kunama ta saki, kai ba za ka ji ba amma takarda za ta nuna. Sauko dunƙule 2. Giren 100 ya ishi duk wata barewa mai farar wutsiya da ke Ohayo.

Kwalin da aka ba ka a buɗe, bar shi. Dunƙule na shan danshi, idan ya kwana biyu a gareji ƙarfinsa ba ya zama ɗaya, wani ma ya tsage a ciki idan ka danna. Sayi sabo.

Harsashi na uku da ke maƙalewa dauɗa ce. Albarushi na barin zobe mai tauri daidai inda harsashi ke zama. Ka danna, ka ji ya tsaya, ka ɗauka ya sauka, alhali akwai rata tsakaninsa da albarushin. Wannan ratar ba harbi kaɗai take ɓatawa ba, tana iya kumbura bututu ko ta fasa shi. Yanzu ka yi haka: bututu na da tsabta, ka ɗura, ka danna har ƙasa, ka zana layi a jikin sandar ɗuri daidai bakin bindigar. Duk ɗurin da layin bai zo daidai baki ba, kar ka sa firaima. Bayan kowane harbi, ƙyalle ɗaya mai ɗan danshi, ka tura da gajeren bugu sama da ƙasa, ka juya shi ka maimaita, sai busasshe ɗaya. Kar ya jiƙe sharkaf, ruwan zai sauka cikin toshiyar gindi, wadda ke rufe bututun ta baya inda firaima ke zama.

Harsashi kuwa, wanda kake da shi ba shi zan zaɓa maka ba. Nemi mai kwanson roba, wato harsashi .45 a cikin kwanso .50, giren 250 zuwa 300. Hornady SST 250 ko Barnes T-EZ 250 ko 290. Murɗi 1:28 don su aka yi shi, kuma kusan duk masu karyewa na yanzu shi ne a cikinsu. Idan kwanson ya matse har sai ka sa gwiwa, sayi kwanso mai zara-zara na Harvester ka canza. Idan yana zurarewa da yatsa biyu ya yi sako-sako. Daidai shi ne ka tura da hannu biyu, da nauyi, ba tare da duka ba. Ka bar minti 5 tsakanin harbi, don bututu mai zafi na tausasa robar, sai ta yage.

In kana son ka huta, koma albarushi gari na Blackhorn 209, giren 90 zuwa 100 a ma'auni. Ba ya barin zoben nan, za ka yi harbi da yawa ba gogewa.

Injiniya:
Ranka ya daɗe Sarki, a ƙara masa sharuɗɗan Blackhorn kar ya je ya zuba kawai. Ba ya kamawa da firaimar nan mai rauni da ake sayarwa musamman don bindigar ɗuri, sai ta harsashin tsuntsu mai zafi, Federal 209A ko CCI 209M. Wasu bindigogin sai an canza musu toshiyar gindi, a sa wadda aka yi don albarushi gari. Iyakarsa giren 120 a ma'aunin cika, kuma ma'aunin cika ba sikeli ba ne: 100 a ma'auni kusan 70 ne a sikeli. Wanda ya auna 100 a sikeli ya wuce iyaka nesa. Wanke shi da mai ake yi irin na bindigar harsashi, ba da ruwa ba. Baƙin albarushi da Pyrodex da Triple Seven su ne na ruwa. Albarushin harsashin zamani marar hayaƙi kuwa ko kusa da ita kar ya zo, bututun ba zai ɗauka ba.

Ni kafin a taɓa harsashi zan fara da madubin. Bindigar hannu ce, ba wanda ya san wa ya ɗaura shi. A kwance, a duba kusoshin gindin zama, a ɗiga musu maganin riƙe kusa mai shuɗi, a ɗaure. Zobban da ke riƙe madubin kuma inci-fam 15 zuwa 18 a ma'aunin ƙarfin ɗaure kusa, ba a murɗe su da ƙarfin tsiya. A shafa fensir a jikin madubin daidai gefen zobe. Idan bayan harbi layin ya gusa, madubin na zamewa. Zancen gira, tazarar ido ce. Bindiga mai shuri irin wannan na son inci 4, ko aƙalla 3 da rabi. A sa rigar sanyin da za a shiga daji da ita, a kai madubin ƙarshen girmansa, a tura shi gaba har inda hoton zai cika, a ɗaure a nan.

Ɗan Agadas:
Blackhorn, Blackhorn. Ku da kuke faɗa kun duba kuɗinsa kuwa? Gwangwani oza 8 ne, a giren 70 na sikeli harbi 50 ke nan, sai ka zaga shaguna ba ka samu ba, in ka yi oda ta intanet a ɗora maka kuɗin kayan haɗari ya kusa kamo kuɗin kayan. Firaima ma haka. Abin da aka ce farautar talaka ce yanzu ta koma ta masu hali. Ga masu shago ba su san komai ba, duk wanda ya shiga sai su miƙa masa dunƙule su ce ya zuba uku. Bawan Allah na da mako kaɗan, ku bar shi da dunƙule 2 ya gyara hannunsa.

Baban Khalifa:
Na gode ƙwarai. Amma dunƙule 3 ɗin da dalili nake sawa. Barewar can manya ne, na Janairu kuma an riga an firgita su, ba sa tsayawa kusa. Ina tsoron in rage ƙarfi in jikkata dabba ta gudu. Harsashin kuma shi ne ke shiga da sauƙi, cikin sanyi da safar hannu ba zan iya kokawa da kwanso ba. Kuma na ji an ce Kolorado ba a yarda da kwanso ba.

Bakatsine:
Wannan gaskiya ne, kuma ba kwanso kaɗai ba. A lokacin bindigar ɗuri na Kolorado, wanda ke zuwa a Satumba, ba madubi, ba kwanso, ba dunƙule. Albarushi gari da harsashi mai cika baki da saitin ƙarfe. Saiti mai zaren haske an yarda da shi, mai batir ba a yarda ba. Sannan lasisin barewa na can na ƙuri'a ne, ana rufe nema a farkon Afrilu, ba shiga shago za ka yi ka saya ba. Ohayo kuwa madubi da kwanso da dunƙule duk sun halatta, kaliba .38 zuwa sama.

Saboda haka ni ban bi Sarki ba. In har kana son ɗuri ɗaya na jihohin biyu, zauna a kan mai cika baki, ka ƙara nauyi ka rage albarushi. Dalma mai laushi da aka shafa wa jan ƙarfe siriri, idan ka kora ta da giren 150 ta daki ƙashin kafaɗa a yadi 30, baje wa take yi ta farfashe, ba ta fita ta ɗaya gefen. Ba rami na biyu, ba jini a ƙasa. Abin da kake tsoro ke nan, kuma dunƙule 3 ne ke kawo shi, ba ragewa ba. Giren 340 zuwa 385 a kan gari 80 zuwa 90 na tafiya a hankali ta ratsa. Hornady Great Plains 385 dalma ce zalla. In kana son jan ƙarfe akwai Thor, suna sayar da fakitin gwaji daga .500 zuwa .503 don ka gane faɗin bututunka, tunda .50 na wannan kamfani ba shi ne .50 na wancan ba. Akwai kuma Federal mai giren 270.

Saiti: mai huda a baya kusa da ido, irin na Williams ko Lyman, da ɗan ɗigo siriri a gaba. Ido da kansa yake sa ɗigon a tsakiyar hudar, kai naka ka kalli ɗigon gaba kawai. Da magariba ka kwance ɗan faifan hudar ka leƙa ta babban ramin. Wajen gyara, saitin baya ake matsarwa inda ake son harsashi ya koma. Ka sa ɗigon ya taɓa ƙasan wurin da kake so, kar ya rufe shi, don ɗigo mai kauri a yadi 100 na cinye ƙirjin dabbar gaba ɗaya.

Sarkin Baka:
Bakatsine, Kolorado tana baɗi, kuma sai ƙuri'a ta faɗo. Janairu tana gobe. Mutum zai shiga kwazazzaban kudancin Ohayo, inda haske ke mutuwa tun kafin rana ta faɗi, doka ta ba shi minti 30 kafin fitowar rana da minti 30 bayan faɗuwarta, kuma a nan ne barewar Janairu ke motsi, ka ce ya cire madubi? Baban Khalifa, shekarunka nawa? Kana sa gilashin karatu? In kana sawa, saitin ƙarfe uku yake nema idonka ya riƙe, baya da gaba da dabba, ba za ka iya ba. Madubi ya zauna. 3-9x40 ya yi, 2-7x32 ya fi dacewa da duhuwa. Ka bar shi a kan 3 kullum, kar ka zauna da shi a kan 9, barewa ta ɓullo a yadi 20 ka ga gashi kawai.

Ga yadda za ka saita. Cire toshiyar gindi, ɗora bindigar a kan buhun yashi, leƙa ta cikin bututu ka daidaita takarda a yadi 25, ka murɗa madubin ya zo wurin. Mayar da toshiya da man hana kamewa a zarenta. Fasa firaima 2 ba albarushi, baki na kallon ƙasa, don ƙone man da ke ramin wuta. Harba a yadi 25. Ƙas ɗaya na murɗa saitin yawancin madubai rubu'in inci ne a yadi 100, don haka a yadi 25 sai ƙas 16 kafin ka matsa inci ɗaya, a yadi 50 ƙas 8. Daga nan yadi 100, harbi 3, ka gyara da tsakiyar ukun, ba da na ƙarshe ba. Giren 250 a kan Blackhorn 100 na fita wajen ƙafa 1,900 a daƙiƙa. In ka saita a 100, a 150 zai sauka kusan inci 5, a 200 ya haura ƙafa ɗaya. Da dunƙule 2 ya fi haka sauka. Layukan da ke cikin wasu madubai na 150 da 200 kar ka yarda da su sai ka gwada a takarda.

Wurin da ake nema a bayan kafaɗa bai wuce faɗin faifai ba. Nisan da za ka iya zuba harbi 5 cikin faifai kana zaune, gwiwa ko sanda ce madogararka, shi ne iyakarka. Ba abin da aka rubuta a kwali ba.

Bakatsine:
Sarki, saiti mai huda shi ne maganin idon da ya fara tsufa, ƙaramin rami na ƙara kaifin gani. Kuma a dajin da kake faɗa harbi nawa ne ke wuce yadi 70?

Sarkin Baka:
Da rana yake ƙarawa. Da duhu ragewa yake yi. Mun gama wannan.

Maman Iman:
Ku yi haƙuri in shigo, tunda mu ke sarrafa naman. Dalma na barin ƙananan ɓurɓushi nesa da ramin harsashi, ido ba ya gani, idan aka niƙa naman sai ya gauraye. In da yara ko mai juna biyu a gidan, jan ƙarfe zalla ya fi kwanciyar rai, ko kuma a yanke wurin raunin da faɗi a zubar, kar a sa shi a injin niƙa. Kalifoniya ma tun 2019 ta hana dalma a farauta gaba ɗaya. Kuma a yi bisimilla lokacin sakin harbi, in an iske ta da sauran rai a yanka. Wuƙar ta kasance a ƙugu, ba a ƙasan jaka ba.

Ɗan Agadas:
Hajiya ta yi gaskiya. Amma na jan ƙarfen ma ku duba kuɗinsa. Wani abin kuma, filin gwamnati a kwana 4 ɗin nan cika yake da mutane, wasu ba sa ko duba abin da ke bayan dabba. Rigar ruwan lemo dole ce a Ohayo, kar ka cire ta don sanyi ya sa ka ɗora wata a kai. In gonar wani za ka shiga, izini a rubuce doka ke nema, ba na baki ba.

Injiniya:
Akwai abin da ba a taɓo ba, toshiyar gindin kanta. Hanyar wuta da ke bayan firaima na cika da gawayi mai tauri wanda ruwa da burushi ba sa fitarwa. Ana sa bakin dirila daidai faɗin hanyar a murza da yatsa, ba da inji ba. Ƙaramin ramin ƙarshe kuma wajen inci .030 yake, yana cinyewa da yawan harbi, idan ya buɗe sosai harbi na fara yawo kuma firaima na fitowa baƙi ƙirin. A bindigar hannu da aka daɗe ana ba ta giren 150, zan sayi sabuwar toshiya, ba ta da tsada.

Na Janairu: manna salatif ɗin lantarki a bakin bututu saboda dusar ƙanƙara, iskar gaban harsashi ke ture shi, ba ya taɓa saiti. Bindiga mai ɗuri a ciki kar ta shiga ɗaki mai ɗumi daga sanyi, gumi take yi ta ciki albarushi ya jiƙe. Cire firaima ka bar ta a wuri mai sanyi a kulle. In ka ja kunama ba ta tashi ba, riƙe ta a saiti minti ɗaya cur, sannan ka cire firaimar ka sake danna harsashin ƙasa, don firaima kaɗai na iya ɗaga shi. Kar ka zuba gari kai tsaye daga gwangwani, sai ta ma'auni. Wannan ba adakar gida ba ce da ake auna mata da tafin hannu. Kuma ka saita ta yadda za ka yi farauta da ita: in da tsabtataccen bututu za ka shiga daji, harbin tsabtataccen bututu mai sanyi shi ne abin lura.

Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda. Madubi da toshiya tukuna, sai albarushi, harsashi a ƙarshe.

Baban Khalifa:
Allah ya saka da alheri. Gilashin karatu ina sawa, amma nesa ina gani ras. Murɗin ban same shi a jikin bututun ba, littafin kuma bai zo da ita ba. Madubin ban ga alamar ya motsa ba, na girgiza shi da hannu yana nan daram, don haka ban kwance ba. Na sayo sabon kwalin dunƙule. Harsashin dai ina da sauran fakiti biyu, ba zan zubar ba. Ina tunanin in saita da dunƙule 2 a fili don kafaɗata ta huta, ranar farauta in sa 3.

Sarkin Baka:
A'a! Wanda ka saita da shi, shi za ka ɗura. Ka ƙara dunƙule ka canza inda harsashi ke faɗuwa. Girgiza madubi da hannu kuma ba gwaji ba ne, hannunka bai kai shurin giren 150 ba.

Bakatsine:
Murɗin a minti biyu za ka gane. Sa ƙyalle mai matsewa a sanda, tura ƙasa, manna salatif a sandar ka yi alama, ja a hankali ka bar ta ta juya. Inda ta yi rabin zagaye auna tsawon da ya fito ka ninka biyu. Inci 14 na nufin 1:28. Ka faɗo mana, don in 1:48 ce duk maganar dogon harsashi mai kwanso ta rushe.

Baban Khalifa:
To zan duba in na samu sarari. Wani a wurin aiki ya ce in bar duk wannan in sa saiti mai jan ɗigo, wai ya fi sauri a duhuwa kuma ba ya dukan gira. Akwai wanda ya san ko zai jure shurin dunƙule 3?